Ɗan Argungu da ba ya cin kifi: yadda nake cika cikina a ƙasar waje

Ranar da na gaya wa Inna na bar cin nama, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafar da take yi. "To, Allah Ya ba da lafiya," ta ce. Bayan isha'i sai ga yarinya da kwano: tuwon shinkafa da miyar kuka, an kwantar da rabin tarwaɗa a kai. Na ɗauki kwanon na koma cikin gida na ce, "Inna, ai har da kifi na bari." Sai a lokacin ta dube ni da kyau. "Kifi nama ne? Kai ɗan nan, ba a Argungu aka yanke maka cibi ba?"

Ban ga laifinta ba. Garin da tun 1934 ake cika bakin Matan Fada da homa da gora ana farautar giwan ruwa, a ce ɗan garin ya ƙi kifi, dole a fara tunanin ko iska ce ta taɓa shi. Ashe tambayar nan ta Inna tana jirana a duk ƙasar da zan sauka. A Alƙahira na ce ba na cin nama, aka kawo mini kaza. A Indiya na faɗa, aka yi murna, aka kwarara mini man shanu. A Guangzhou na faɗa, aka tsince naman da ke saman taliya da tsinke a gaban idona, aka turo mini kwanon da romonsa.

Sana'ata sayar da injinan casar shinkafa ce da kayan gyaransu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015 kasuwar ta buɗe, tafiya Indiya da Chana ta zama mini kamar zuwa Jega ranar kasuwa. Likita ne ya fara ce mini in rage nama saboda hawan jini da kitsen da ya yi yawa a jinina. Na rage, na ji daɗin jikina, na zarce har na bar kifi da ƙwai da nono da man shanu. Turawa suna kiran mai irin wannan ci da vegan, kalmar da wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro a Ingila a 1944. Su abin nasu ya wuce ciki, har takalmin fata da zuma ba sa taɓawa. Ni nawa a kwano ya tsaya. Ban haramta abin da Allah Ya halatta ba, ragon layyata ina yankawa kowace shekara, iyali da maƙwabta su ci. Na faɗi wannan ne don kada wani malami ya tare ni a hanya, kuma don ka san wanda ke ba ka shawara.

Tun daga yanke tikiti

Abincin jirgi yana da sunaye na harufa huɗu-huɗu da kamfanonin jirage suke aiki da su. Wanda kake nema shi ne VGML, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Akwai VLML, shi da madara da ƙwai a ciki. Akwai AVML, dahuwar Indiya ce, ya fi su daɗi nesa ba kusa ba, amma sau da yawa da cuku ko kindirmo. Akwai kuma MOML, abincin Musulmi, wato nama ne na halal. Ana neman abincin ne aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu kafin tashi. In ka bari sai ka zauna a kujera, ma'aikaciyar jirgi ba ta da tukunya a sama.

Ni MOML ne ya taɓa kwana da ni da yunwa. Na gaya wa ejan ɗin da ke yanke mini tikiti ya sa mini abincin marasa cin nama. Shi kuwa ya ga Alhaji da hula da carbi, ya yanke hukunci da kansa cewa abincin Musulmi nake nufi. Muna sama aka zo aka kira sunana da girmamawa, aka ajiye mini shinkafa da naman rago. Tun daga nan har muka sauka, ɗan burodi da dabino bakwai da na tsinta a aljihun jaka su ne abincina. Yanzu ni da kaina nake shiga shafin kamfanin jirgin da lambar tikitina in ga harufan da idona. In an sauya maka jirgi ko rana, sake dubawa, domin odar abinci ba kullum take bin ka sabon jirgin ba. Ko komai ya tafi daidai, kada ka hau jirgi ba gyaɗa da dabino a jakar hannu.

Guzuri

Mu Hausawa mun yi sa'a, rabin abincin talakanmu dama ba ruwansa da dabba, kuma yawancinsa busasshe ne mai jure tafiya. A akwatina ba ka rasa garin kwaki, dakakken ƙuli-ƙuli, yaji, soyayyiyar gyaɗa, aya, dabino, da zogalen da aka dafa aka shanya ya bushe ƙayau. Ina ƙarawa da garin kunun tsamiya, da 'yar robar cin abinci mai murfi, da cokali. Wuƙa kuwa a babban akwati take, in ka sa ta a jakar hannu za ka bar ta a filin jirgi. Haka man gyaɗa ko tunkuza, ana lissafa su cikin kayan ruwa, abin da ya wuce mililita 100 ba ya shiga ciki da kai a yawancin filayen jirgi.

Daddawa na daina ɗauka. Sau ɗaya na gwada, na ƙulle ta a leda uku na cusa cikin gwangwani, amma da na buɗe akwati a Delhi shaddodina duka sun zama miyar kuka. Da su na je ganin mai masana'anta, mutumin yana ta buɗe taga.

Ga abin da ke cetona duk daren da gari ya ƙi ni. Ka tafasa ruwa a butar lantarkin da ke ɗakin otal. Ka zuba cikin hannu biyu na busasshen zogale a roba, ka kwarara ruwan zafin, ka rufe minti goma. Kafin ya yi laushi ka yayyafa wa garin kwaki ruwan sanyi kaɗan, iya yadda zai jiƙa ya tashi ba tare da ya caɓe ba. Ka tace zogalen ka matse, ka haɗa da garin, ka zuba ƙuli cokali uku ko huɗu, yaji, gishiri, ka yanka albasa da tumatir da ka saya a kantin ƙasan otal, ka ɗiga mai. Man zaitun yana yi, ko da yake harshe ya san ba na gyaɗa ba ne. In akwai lemon tsami ka matsa rabi. Na ci wannan kwaɗo a hawa na goma sha tara ina kallon fitilun Guangzhou, na yi barci har da minshari.

Sai dai guzuri yana da sharaɗi. Garin da ba suna a jikinsa, fari ko kore, a ƙulle cikin baƙar leda, yana jawo tambayar da ba ka so a filin jirgi. Ka zuba komai a leda mai haske, ka liƙe bakinta, ka rubuta sunansa da Turanci. In ka sami wanda kamfani ya ƙulla da lambar NAFDAC ya fi. Inda aka ba ka takardar kwastan ana tambaya ko kana ɗauke da abinci, ka ce e. Amurka da Ostareliya ba sa wasa da wannan, wanda ya bayyana iyakaci a karɓe a zubar, wanda ya ɓoye tara ce. Ɗanyen iri da ɗanyen 'ya'yan itace su aka fi karɓewa. In Turai za ka, bar wake a gida, domin tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa. Kuma kada ka karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi da sunan "yaji ne kawai, ka miƙa wa ƙanena", ko da kun haɗa masallaci.

Tambayi tukunya

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Naman da kake gani ba shi ne matsala ba, wannan ko makaho ya laluba zai ture. Matsalar tana cikin abin da ya narke: romon da aka dafa shinkafa da shi, man shanun da aka soya albasa da shi, dunƙulen mai ɗanɗanon kaza, ruwan kifi, garin jatan lande, ƙwan da aka kwaɓa fulawa da shi. Ka tuna yadda ake yi a gidajenmu. In baƙo ya ce ba ya cin nama, uwar gida za ta tsame tsokar daga miya ta zuba masa sauran, kuma har ga Allah ta gaskata ta cika masa burinsa. Kukun Istanbul da na Jidda haka suke tunani.

Saboda haka na daina cewa "ba na cin nama", na daina kuma dogara da kalmar vegan in ba a manyan biranen Turai ko a rubuce jikin kaya ba. Mai kawo abinci zai gyaɗa kai ya ce ya gane, don ba ya son ya ga baƙo ya tashi. Abin da nake yi shi ne in nuna abinci guda ɗaya in yi tambaya a kansa. Da wane mai aka yi? Da ruwa aka dafa ko da romo? Akwai madara? Tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Kada ka tambaya yadda za a ce maka e, kamar "ba nama ko?" Ka tambaya yadda dole sai an faɗi sunan abu. In ya tsaya yana sosa ƙeya, ka roƙe shi ya leƙa wurin kuku. In ya dawo da amsa cikin daƙiƙa uku, bai je ba.

Ina da 'yar takarda a aljihu da harshen kowace ƙasa, an jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya: nama, kaza, kifi, kayan teku, romo, kitse, ƙwai, madara, man shanu, cuku. A ƙasa kuma an rubuta abin da nake ci: shinkafa, wake, ganye, dankali, burodi, man gyaɗa ko na zaitun. Wannan layin na ƙasa ya fi na sama amfani, domin in ka jera wa kuku hani goma ka yi shiru, zai kawo maka yankakken kokwamba ya ce sauran kuma Allah Ya ba ka. Kada ka bar wa manhajar fassara rubutun ita kaɗai, ka sami ɗan ƙasar ya duba maka. Ni tafintana na Chana da ya karanta wadda waya ta rubuta mini dariya ya yi har da hawaye, bai kuma yarda ya gaya mini abin da ta ce ba.

Waya dai tana da ranarta. Google Translate yana karanta rubutun jikin leda ta kyamara, ka sauke harshen tun kana gida don ya yi aiki ba intanet. Akwai kuma HappyCow, manhajar da ke nuna gidajen abincin marasa cin nama da ke kusa da kai. Tana da amfani a Dubai da Istanbul da biranen Turai, amma yawancin wuraren da take nunawa na masu kuɗi ne, inda za a sayar maka da ganye kwano ɗaya kuɗin buhun shinkafa. Ni dabarata biyu ce a kowace ƙasa: in nemi abincin leburori, in kuma nemi abincin masu azumi.

Masu azumin da ba irin namu ba

Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna da azumin da ake barin duk abin da ya fito daga dabba. Wannan ya sa kukunsu sun san abin da kake nufi tun kakanni, ba sai ka yi dogon bayani ba, kalma ɗaya ta isa.

A Habasha kalmar ita ce "yetsom", wato na azumi. Suna yin sa kowace Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin Ista. In jirginka ya yada zango a Addis Ababa ka kwana, ka ce a ba ka yetsom beyaynetu. Za a kawo faranti an shimfiɗa injera, wani abu kamar sinasir mai faɗi da tsami da ake yi da ƙwayar tef, an ɗiɗɗiga masa miya kala-kala: jan adas (wani ƙaramin wake) mai yaji, dakakken wake da suke kira shiro, ganye, kabeji da dankali. Da hannu ake ci, ka yago injera ka dangwala. Ban taɓa cin abinci a waje da ya kwanta mini kamar wannan ba. Ka dai riƙe kalmar yetsom ɗin, domin shiron da ba na azumi ba ana zuba masa man shanu, wani ma har da nama. Wasu gidajen kuma suna haɗa abincin azumi da soyayyen kifi a gefe, su ma da alama ra'ayinsu ɗaya da Inna.

A Masar kalmar ita ce "siyami". Na yi wata guda a Alƙahira lokacin da na kai Inna aikin gwiwa, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Da safe ful, wake ne mai faɗi da ake dafawa a tulun ƙarfe tun dare har ya narke, a zuba mai da lemon tsami a ci da gurasarsu. Ka ce "biz-zait", da mai, don kada a sa maka samna, man shanunsu. Kusa da shi akwai ta'amiyya, ƙosai ne ba wani abu ba, sai dai cikinsa kore ne saboda ganyen da ake markaɗawa tare da waken. Da rana koshari: shinkafa, adas, taliya, miyar tumatir, soyayyiyar albasa a sama, da ruwan tafarnuwa da na barkono a kwalba kana zubawa da kanka. Ranar da Inna ta fara iya zama na kawo mata ta ɗanɗana, ta juya cokali ta ce, "Garau-garau ne aka yi wa gayya." Ta cinye tas. Ga zoɓo, karkade suke ce masa, ga ruwan rake ana matsewa a gabanka.

Inda za ka yi hattara a Masar shi ne abin da ya yi kama da na gida. Mulukiyya lalo ce, da ka gan ta ranka zai biya, amma da romon kaza ko na zomo ake kaɗa ta. Bamiya kuɓewa ce, yawanci da nama. Miyar adas ma wani da ruwa yake yi wani da romo, sai ka tambaya.

Indiya, inda kowa ke cewa ya gane

Mutum zai ɗauka Indiya ce aljannar mai irin cina, tunda miliyoyin mutane ba sa cin nama. Gaskiya ne, kuma doka ta sa kowane abincin leda yana da alama: koren ɗigo cikin murabba'i na marasa cin nama ne, alama mai ruwan ƙasa kuma tana nufin akwai nama ko kifi ko ƙwai. Amma koren ɗigon bai hana madara ba. Su a wurinsu nono da man shanu su ne albarkar abinci. A 2022 hukumar kula da abincinsu ta fitar da ƙa'ida da alama ta daban don kayan vegan, sai dai ba a kowane kaya za ka gan ta ba.

Ni kuma harkata Karnal take kai ni, a jihar Haryana, garin masana'antun shinkafar basmati, kuma garin da babbar cibiyar binciken madara ta ƙasar take. Ka ga an kai kura gidan da ba a son kura. Can roti, gurasarsu, yana fitowa daga wuta ake shafe shi da gi, wato tataccen man shanu. Dal makhani da man shanu da kirim ake yi. Naan ana kwaɓa shi da kindirmo. Fararen yankan da za ka gani cikin alayyafo ka ɗauka awara ce, paneer ne, cukun madara. Shayi kuwa da madara ake dafa shi tun a tukunya. Kalmomi huɗu na haddace, gi, makkhan (man shanu), dahi (kindirmo), paneer, ina bin kowace da kalmarsu ta a'a, wato "nahi". Abin da nake ci: chana masala, rajma da shinkafa, wanda jan wake ne da miya, alu gobi na dankali da farin kabeji, da roti busasshe ba shafi.

In ka ga gidan abincin mutanen kudancin Indiya, shiga. Idli kamar waina ce da aka turara maimakon a soya, dosa kuma sinasir ne siriri mai ƙaras-ƙaras, duka da ƙullun shinkafa da wake mai tsami ake yi, a ci da miyar sambar da markaɗaɗɗiyar kwakwa. Ka ce a soya dosa da mai. Irin waɗannan gidajen suna nan birjik a Dubai ma, wajen Karama da Bur Dubai, kuma su ne mafi araha.

Saudiyya ba ta da wahala in ka san inda za ka tsaya. Ful da gurasar tamis da safe, falafil, hummus, dabino, 'ya'yan itace a kowane kanti. Ka tambaya ko an sa samin, man shanunsu, a ful ɗin. Shinkafar kabsa da ta bukhari kuwa, ko an ɗauke kazar daga kai, a romonta ta nuna. Abincin da ake raba wa alhazai a masauki ba a yin sa don mutum ɗaya, ka ɗauki burodi da ayaba da farar shinkafa, ka cike da guzurinka. Matan nan namu masu sayar da tuwo a Makka kuwa, tuwon nasu lafiya lau, miyar ce ba taka ba.

Chana ta fi ko'ina ba ni wahala. A gidajen abincin Musulmi da 'yan kasuwarmu ke cika wajen Xiaobei a Guangzhou ka tsira daga alade, amma taliyar a romon sa take iyo. A sauran gidajen ganye ma ana iya soya shi da kitsen alade, ko a zuba masa miyar kawa, ko giyar girki. Awara tana ko'ina, tofu suke kiranta, amma sau da yawa da niƙaƙƙen nama a ciki. Mafitata gidajen abincin mabiya addinin Buda ne, waɗanda ake samu kusa da wuraren ibadarsu. Ba nama, yawancinsu ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa. Za ka ga abu kamar kaza ko kifi a faranti, na waken suya ne da alkama. Da safe kuma madarar waken suya mai zafi, dafaffiyar masara, gasasshen dankalin Hausa, da farar fulawar da suke turarawa ba komai a cikinta.

Turai sau biyu kawai na je. Babban kanti ya wadatar: doka ta tilasta a fito da sunan madara da ƙwai da kifi ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi, kuma da yawa an rubuta vegan a gaba. Ka dai lura da gelatin cikin alawa, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabba, da E120, jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro.

In an gayyace ka gida

Wannan ya fi yunwa wuya. Ka faɗa tun ranar da aka gayyace ka, kada ka bari sai an shimfiɗa ledar cin abinci. Ni cewa nake likita ya sa ni a kan tsari, wanda gaskiya ne, kuma ba al'ummar da ba ta girmama maganar likita. In ka ce ra'ayi ne, ka buɗe muhawarar da za ta kai ku tsakar dare. Ka kuma ambaci abu biyu da kake so a abincinsu, don mai gida ya sami abin da zai yi maka alfahari da shi.

Duk da haka wata rana za ta zo. A Karnal wani mai masana'anta ya kai ni gidansa, ya riga ya yi wa matarsa bayani, an yi komai da mai. Muna cikin ci sai ga mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ta fito da 'yar tasa a hannu. Ta dubi rotina a bushe, ta harari ɗanta kamar ya wulaƙanta baƙo, ta ɗebo man shanu cokali guda ta kwarara mini, ta dafa kaina tana addu'a da harshensu. Ɗan ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Na cinye. Wani mai tsananin bin tsarin zai ce na karya, shi ya sani. Wanda madara ke tayar wa da cuta kuwa, wannan daban ne, kada ya ci don kunya.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne bitamin B12. Ba a samun sa yadda ya kamata daga tsiro, kuma ƙarancinsa yana taɓa jini da jijiyoyi a hankali ba ka sani ba. Ƙungiyar masu wannan tsari ta Ingila tana ba da shawarar ƙwaya mai maikurogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a mako. Ka ga likitanka, ka tafi da maganinka cikin kwalinsa na asali. Wake da ganye suna ba da sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata, lemon tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauke shi, shayi a kan abinci yana rage shi, don haka nake jinkirta shayina. Kuma kada rashin nama ya tura ka ga ɗanyen ganyen bakin titi. Wanda aka dafa aka kawo da zafi, da ɗan itacen da za ka ɓare da hannunka, su ne abokan tafiya. Na taɓa yin kwana biyu tsakanin gado da bayi a Delhi saboda salak ɗin da na ci ina ganin na yi dabara.

Guzurin ma sai ka bincika wanda ya haɗa shi. Yanzu Inna ce ke sa a daka mini yaji duk lokacin da zan yi tafiya, ba ta yarda kowa ya taɓa. A tafiyata ta watan Oktoba na buɗe kwalbar a otal, ƙamshin ya doki hancina, na san wannan ƙamshi tun ina yaro. Na kira ta a waya.

"Inna, me aka sa a yajin nan?"

"Barkono, citta, masoro, ƙuli."

"Sai me?"

Ta yi shiru kaɗan. "Ɗan garin busasshen kifi ne, ko cikin cokali bai kai ba. Don ɗanɗano."

Wani Bakano mai sayen kayan waya da ke ɗakin kusa da nawa shi ya gaji kwalbar. Har muka rabu yana tambayata ko za a iya aiko masa da wata Kano.